Zurfin Tsagar Hanta

Ruwan ya riga ya tafasa, Inna ta tsoma tsumma a ciki tana juya shi da kara, sai Tasalla ta sa ƙafa ta ture tukunyar. Ruwan ya malale a tsakar gida, ya bi ta ƙarƙashin turmi, kaji suka watse suna kuka. Tururi ya tashi tsakanin matan biyu har ya rufe musu fuskokin juna.

Shekara goma sha ɗaya Tasalla ta yi a gidan nan ba ta taɓa ɗaga ido ta dubi uwar mijinta ba. Yau ga shi ta kife mata tukunya. Amma ba ta durƙusa ba.

"Inna, ki gafarce ni," ta ce. "Ba a gasa cikin ga yau."

Mijinta Lirwanu yana kwance a kan tabarma ƙarƙashin rumfa, jar ƙasa ta bushe a gashinsa da cikin kunnuwansa. Da hantsi aka kawo shi. Ruwan sama na kwana biyu ya jiƙa bangon ramin zinarin da suke haƙa a bayan gari, gungumen da aka tokare bangon da shi ya zame, ya taho da duwatsu ya danne mutum biyu, shi da maƙwabcinsu Uba. Da aka zaro su ba a ga jini ko ɗigo ba, ba a ga karaya ba, mutane suka yi ta hamdala. Abin da ya rage shi ne abin da ake yi wa duk wanda ya bugu: a sa tsumma mai zafi a daddanna wurin, mataccen jini ya narke, gobe mutum ya tashi. Haka Inna ta yi wa mijinta a zamaninsa, haka ta yi wa 'ya'yanta, kuma da ƙauna take yi.

Tasalla kuwa tun da aka shimfiɗe shi wasu abubuwa daban take kallo. Sau huɗu ya roƙi ruwa, ya sha bai ƙoshi ba. Gumi na tsattsafo masa alhali jikinsa da sanyi. Kafaɗarsa ta dama yake ta kuka da ita, ita kuwa ba abin da ya taɓa ta, a haƙarƙari gungumen ya sauka. Da Inna ta juya wajen murhu, Tasalla ta sa babban yatsa ta ja fatar idonsa ƙasa. Cikin ya yi fari fat.

Ta san wannan farin. Ubanta mahauci ne a kasuwar Nasarawa Burkullu, kuma shi aka sani da sayen dabbar da wasu ke gudu, saniyar da mota ta buge ko bijimin da ɗan'uwansa ya tunkuya. Kafin ya taya sai ya ja fatar idon dabbar ya leƙa. In an yanka, gida ake kawo kayan ciki, Tasalla da mahaifiyarta su wanke. A nan ta koyi hanta tun ba ta iya ɗaurin zane ba. Yakan ɗora hantar a faifai, ya tura yatsa cikin tsagar yana nuna mata. In gaɓa ɗaya ta shige, ya ce da mai saniyar nan ya yi haƙuri da ta warke. In yatsan ya nutse duka, ya ce wannan a tsaye kawai aka gan ta, amma ta riga ta tafi. Sau da yawa ta ga fata lafiya lau ko ƙwarzane babu, ana farke ciki jini ya kwararo ya cika daro. Ta kuma ga hantar da jini ya daskare a bakin tsagarta ya toshe, toshewar da dannawa ɗaya ta isa ta ɓalle ta. Abin da hannun Inna zai yi ke nan da tsummansa mai zafi.

Almu, wan Lirwanu, ya shigo ya tarar da tukunya a kife. Inna ta nuna masa surukarta da haɓa. Ya saurari bayanin Tasalla har ƙarshe, sannan ya yi wata gajeruwar dariya.

"To, ɗiyar rundawa, jinin mahauta, ta zama likita. Ƙanen nawa sa ne da za ki leƙa mai ido?"

"Yaya, hantar sa da ta mutum Allah guda ya yi su. A kai shi asibiti."

Ya ce ita ma ta sani ba a zuwa asibiti da maganar rami. Ta ce ta sani. Ta ce in ba a samo mota ba za ta sa hijabi ta tsaya a ƙofar masallaci da azahar, ta faɗa wa duk wanda ya fito cewa ana barin mutum ya mutu a gidan nan. Almu ya buɗe baki zai yi mata tsawa, sai Lirwanu ya sake roƙon ruwa da wata murya siririya wadda ba tasa ba. Almu ya dubi ƙanensa, ya daɗe yana dubansa, sannan ya fita.

* * *

Garin yana da doka guda wadda ba a rubuta ba, kuma ba wanda bai haddace ta ba: ba a jin ciwo a rami. Hukuma ta hana haƙar zinari, gonakin nesa kuwa 'yan bindiga sun hana nomansu, saboda haka gida arba'in daga ramin Alhaji Sulaimanu suke ci. Ana tsoron ranar da labarin ruftawa zai kai kunnen manya, a zo a cike ramin, a kwashe injinan niƙan dutse, a tafi da maza. Don haka duk wanda rami ya raunata, daga babur ya faɗo, ko daga kan rumbu. Tasalla ba ta taɓa ganin laifin wannan ƙarya ba. Ita ma da ita ta ci tuwo, da ita ta ɗinka wa 'ya'yanta kayan salla.

Mota ɗaya ce a garin, a-kori-kurar da ke ɗaukar buhunan dutse, kuma ta Alhaji ce. Ya zo da kansa ya tsaya a zaure. Mutum ne mai sanyin magana, ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba. Ya jajanta, ya ce mota tasu ce, mai ma ya zuba. Abu biyu kawai ya roƙa: Lirwanu ya hau rumbu gyaran yoyo ne ya zamo, kuma Almu ne zai yi magana a can, mace ta yi shiru. Lirwanu ya ɗaga hannu daga kwance ya ce ya yi alkawari. Aka ce wa Tasalla ta wanke masa jar ƙasar nan. Ta wanke fuska da hannuwa da gashi. Kunnuwan ta bar su yadda suke.

Suna fitowa da shi suka tarar da Uba zaune a ƙofar gidansa, ya jingina da bango yana shan fura.

"Lirwanu, ashe kai rago ne," ya ce yana murmushi. "Ɗan gungumen ga ne ya kwantar da kai? Ka tahi ka sha allura, ni gobe ina rami."

Tasalla ta leƙa ta kan zana ta kira matarsa Atine. Ta roƙe ta da girman Allah ta sa shi ya shiga motar, akwai wuri. Atine ta waiwaya, ta rage murya.

"Ga shi nan shina tahiya da ƙafarshi, har ya ci abinci. Kuma Alhaji ya ce mutum biyu ba su faɗowa daga rumbu rana guda."

Hanyar duk taɓo ce da ramuka. Tasalla ta tare jikin mijinta da buhunan wofi dama da hagu, ta ɗora kansa a cinyarta. Duk sanda mota ta faɗa rami sai ta ji kamar a cikinta abin ya tsage. Almu na zaune a gefe bai dube ta ba, amma sau uku yana buga rufin mota yana ce wa direba ya sassauta. Sai da la'asar ta yi suka hau kwalta.

* * *

Likita ɗaya ce a asibitin ranar, wata gajeruwar mace mai tabarau, sunanta Lubabatu. Tun safe take tsaye, ana ganin haka a tafiyarta. Aka kwantar da Lirwanu a gado, Almu ya tsaya a kansa, Tasalla ta raɓe a bakin ƙofa kamar yadda aka ce mata. Almu ya ba da labarin rumbu tsaf, har da ruwan da ya sa jinka ta yi santsi.

"Rumbu kuma," in ji likitar, tana ɗaura wa Lirwanu abin awon jini a dantse. "Na shida ke nan a watan nan. Rumbunan ƙasarku sun fi benayen Abuja tsawo."

Ba wanda ya yi dariya. Ta leƙa idonsa, daidai yadda Tasalla ta yi. Ta leƙa kunnensa ma, ta ga jar ƙasar da ke ciki. Ta jawo wata 'yar na'ura mai allo, ta shafa masa mai a ciki, ta bi da kan na'urar a hankali ƙarƙashin haƙarƙari. Da ta gama sai ta juya katin asibitin, ta zana hanta a bayansa, ta ce su matso su gani, har da wadda ke bakin ƙofa.

Ta ce raunin hanta mataki biyar ne. Na ɗaya ƙwarzane ne a sama, bai kai rabin gaɓar yatsa ba. Na biyu ya shiga kamar gaɓa guda. Waɗannan kwanciya kawai suke so, hanta takan haɗe da kanta in ba a dame ta ba. Na uku ya zarce haka, ya nutsa, shi sai an zauna a kansa ana awo ba ƙyaftawa. Na huɗu kuwa ya wuce tsaga, ɓangare guda ne ya farfashe. Na biyar shi ne wanda ya kai ga manyan jijiyoyin da ke bayan hantar, masu shi ba su cika isowa wurinta ba. Tana magana tana jan layi da biro, kowane layi ya fi na baya zurfi. Tasalla ta ga yatsan ubanta a kan katin.

"Ga inda matsalar take," in ji likitar. "Na'urar da ke nuna zurfin tsaga sai Gusau ko Sakkwato, shi kuwa ba zai jure hanyar ba. Wannan tawa jini kawai take gani, kuma na ga jini, ba mai yawa ba tukuna. In na buɗe cikin mai mataki na biyu na cuce shi a banza, ina ma iya ɓalle abin da ya toshe. In na bar mai na huɗu ya kwana, da safe likkafani za ku nema. Saboda haka abin da ya same shi nake son ji. In daga rumbu ne, in sa masa ruwa mu jira gobe. Ba ruwana da inda abin ya faru. Me ya buge shi, a ina, na tsawon wane lokaci?"

Almu ya ce rumbu ne. Ta sunkuya ta tambayi mai ciwon da kansa. Lirwanu ya lashi leɓe, ya ce rumbu ne, likita. Yana faɗa idonsa na kan matarsa, kuma ta fahimci abin da idon ke roƙo.

A tsayuwar nan Tasalla ta lissafa gidajen garin ɗaya bayan ɗaya. Ta tuna tsohuwar da jikanta ke ciyarwa da ɗaukar buhu, da marayun da ke gidan liman, da 'ya'yan Atine biyar. Ta san mijinta ba matsoraci ba ne, alkawari ya ɗauka, kuma ya gwammace ya mutu da shi da a ce a bakinsa aka rufe wa mutane abinci. Wataƙila ma shi ke da gaskiya. Ba ta da ilimin da za ta raba wannan shari'a, ko malaman garin ba ta jin za su iya. Abin da ta sani ɗan kaɗan ne, kuma a faifan ubanta ta koye shi. Ta ga likitar ta ɗauki biro za ta rubuta.

"Likita," ta ce daga bakin ƙofa, "rumbunmu bai kai kafaɗata ba. Kuma tun azumi ba komi cikinshi da za a gyara ma yoyo."

"Tasalla," in ji Almu a hankali.

Ta shigo har gaban gadon. Ta ce rami ne ya rufta. Gungumen kirya ne, kaurinsa ya kai turmi, da duwatsu a kansa. A nan ya sauka, ta nuna haƙarƙarin dama na ƙasa. Waɗanda suka kawo shi sun ce ya kusa awa guda a danne, sai da maza huɗu suka sa ƙarfe suka ɗaga. Ta faɗi ƙishirwar, ta faɗi kafaɗar, ta ce farin idon nan da hantsi bai kai haka ba, ƙaruwa yake. Lirwanu ya juya fuskarsa bango.

"An danna cikin?" likitar ta tambaya.

"An so. Na zubar da ruwan."

Likitar ta dube ta ta saman tabarau. Ta tambaye ta inda ta koyi duba ido.

"Ubana mahauci ne. Ni dai na san in saniya ce, ba shi barin ta kwana."

Likitar ta ajiye biron. Ta sake ɗaura abin awo, ta sake bin cikin da na'urar, wannan karon har ƙasan mara. Baƙin layin jinin da ta gani ɗazu a allo ya yi faɗi. Ba ta ƙara tambayar kowa komai ba. Ta leƙa waje ta ce a tayar da janareta, a shirya ɗakin tiyata, a ɗebi jinin 'yan'uwan nan biyu a gwada.

* * *

Almu ne ya fara naɗe hannun riga. Jininsa ya dace, na Tasalla ma ya dace. Aka kwantar da su a benci biyu, kowa da leda rataye a gefensa tana cika. Almu ya yi magana yana kallon rufin ɗaki.

"Kin san abin da kinka yi?"

"Na sani, Yaya."

"In sunka zo sunka cike ramin, ke za ki ci da gida arba'in?"

"Ba ni iyawa. Amma ba ni yin takaba saboda rumbu."

Da aka zare masa allura ya ce wa ma'aikacin in leda ɗaya ba ta isa ba a ƙara ɗiba, yana da shi.

Ana kiran magariba likitar ta fito, rigarta duk jini. Ta zauna a bencin kusa da Tasalla. Ta ce mataki na huɗu ne. Ɓangaren dama ya farfashe kamar an taka nunanniyar gwanda, jinin da ya daskare a kai ne ya riƙe shi har suka iso, kuma ya fara sakewa. Ta cusa tsummokin tiyata ta danne wurin, bayan kwana biyu za ta sake buɗewa ta cire. Ba ta yi alkawarin komai ba. Ta ce dai da an gasa cikin nan da ko kwalta ba su hau da shi ba.

Sannan ta tambaya ko shi kaɗai gungumen ya danne. Tasalla ta ce su biyu ne, ɗayan yana gida yana shan fura. Likitar ta ce a kawo shi, ko da rawa yake yi. Almu ya fita da waya, kuma Tasalla shaida ce ya kira, ta ji shi yana haɗa Alhaji da Allah. Amsar da ya dawo da ita ita ce mota ta je sau ɗaya, kuma bayan abin da matar nan ta faɗa ba ta komawa. Uba lafiyarsa lau, malmala biyu ya ci.

Kafin likitar ta tashi Almu ya roƙe ta ta rubuta rumbu a takarda. Ta ce abin da ya faru za ta rubuta, amma ya kwantar da hankalinsa. Ta nuna masa wani kabad da takardu suka cika har ƙofarsa ba ta rufuwa. Ta ce shekara biyar tana zubawa a ciki, ba ta ga wanda ya zo ya tambaya ba.

Ranar da aka cire tsummokin daga cikin Lirwanu, jini bai biyo ba. A ranar ne kuma waya ta zo daga gida. An yi ta gasa wa Uba ciki safe da yamma. Ya tashi zai yi alwalar azahar, ya faɗi a kan buta. A wurin jana'iza aka ce ciwon ciki ne.

* * *

Kwana ashirin da huɗu suka yi kafin a sallame su. Suka tarar ba wanda ya zo. Ba soja, ba ɗan sanda, ba ma'aikacin hukuma ko ɗaya. An kwashe ƙasar da ta rufta cikin mako guda, an sa sabon gungume, injinan niƙa na ta kuka daga safe zuwa yamma kamar da.

Duk da haka garin bai yafe mata ba. Mata na shigowa dubiya su gaida Inna, su yi wa mai jiki sannu, su wuce Tasalla kamar turmi ne a tsakar gida. Lirwanu kansa ba ya ce mata komai sai ruwa, sai buta. Ya rame, ɗinki ya taso daga ƙirjinsa har ƙasan cibiya. Ta ceto ransa, shi kuma a ganinsa ta karya masa alkawari a gaban wansa, kuma bai san yadda zai riƙe abu biyun nan tare ba. Inna ma ba ta yi mata magana, sai dai tsumman gasa cikin nan Tasalla ta gan shi a murhu, ya zama toka.

Tasalla ta shiga gidan Atine yi mata gaisuwar rasuwa. Ta same ta a ƙuryar ɗaki cikin takaba, carbi a hannu. Da Tasalla ta yunƙura za ta tashi, Atine ta riƙe mata gefen hijabi.

"Mi ake gani cikin idon?" ta tambaya.

Tasalla ta koma ta zauna. Ta ja fatar idonta ƙasa ta nuna mata jan da ke ciki, ta ce in wannan ya gushe, to jini na zuba a ciki. Atine ta duba da kyau, ta gyaɗa kai, ta ci gaba da jan carbi.

Ranar Juma'a Alhaji Sulaimanu ya yanka sa, sadakar sake buɗe rami. Bayan an sauko masallaci Almu ya shigo da tire an rufe da faifai. Hantar san ce sukutum, tana sheƙi. Ya ce Alhaji ya ce a gasa wa mai jiki ya mayar da jini, abin da ya wuce ya wuce, kuma wurin Lirwanu na nan a rami an aje masa.

Tasalla ta karɓa da hannu biyu. Ta shiga ɗaki ta buɗe akwatinta, ta ɗauko wuƙar fawan da ta gada, naɗe a tsohon zane. Ta sa hijabi, ta ɗora tiren a ka, ta fita. Almu ya bi bayanta yana tambayar inda za ta.

Maza sun kai talatin a rumfar ƙofar gidan Alhaji, 'yan gari da baƙin da suka zo haƙa daga nesa, ana jiran a raba nama. Ta tuɓe takalmi, ta durƙusa a gefen tabarma kamar yadda ya kamata, ta gaishe su, ta yi wa Alhaji godiyar mota da ta hanta. Sannan ta ajiye tiren a tsakiya ta zare wuƙar. Hira ta tsaya.

Ta ja bakin wuƙar a saman hantar, ɗan ƙwarzane. Ta ce wannan na ɗaya. Ta sake yanka, ta tura yatsa gaɓa guda ta ɗaga musu su gani, ta ce na biyu, mai wannan kwanciya zai yi, kada a danna, kada a gasa. Ta yanka na uku har yatsanta ya ɓace a ciki.

"Almu," in ji Alhaji da sanyin muryarsa, "ɗauke matar ƙanenka."

Almu na tsaye a bakin rumfa. Bai motsa ba.

Ta juya wuƙar, ta sa ƙotar ta daddake ɓangare guda har ya dagargaje, jini ya bi gefen tire ya ɗiga a tabarma.

"Wagga ita ce ta maigidana, mataki na huɗu. Hakanga take cikinshi sadda kunka ce rumbu ne." Ta goge yatsanta a faifai. "Ta Uba ba wanda ya buɗe ya gani. Ku da kunka ce ciwon ciki ne, ga su nan, ku zaɓa mai guda."

Ta ce musu gobe ma wani zai bugu, tunda ramin na nan kuma damina ba ta ƙare ba. In mutum ya yi ta shan ruwa bai ƙoshi ba, in ya yi kuka da kafaɗar da ba a buga ba, a ja fatar idonsa a duba, kada a tsaya neman rumbun da zai faɗo daga kai. Can baya wani baƙo ya kai yatsa ga idonsa, ya ga ana kallonsa, ya sauke.

"Ku gasa ku ci," ta ce tana miƙewa. "Halal ce."

Ta sa takalmanta ta tafi, ba ta waiwaya ba. Har ta sha kwana ba ta ji an ɗaga tiren ba. Daga bayan gari injin niƙa ya yi tari sau biyu, ya kama.

A gida ta tarar Lirwanu ya fito da kansa ya zauna a bakin rumfa, rigarsa a buɗe, ɗinkin na shan iska. Tocilar da yake ɗaurawa a goshi in zai shiga rami tana kan cinyarsa. Ya sa mata sabon batir, yana naɗa mata roba a hankali, zagaye bayan zagaye. Bai ɗago ba.

Tasalla ta ɗebi ruwa ta wanke wuƙar, ta shanya ta a kan turmi. Sannan ta jawo tabarma har bakin ƙofar da ke fita zaure, ta shimfiɗa ta a gicciye, ta zauna, ta miƙe ƙafafunta daga wannan bango zuwa wancan, ba mai fita sai ya tsallake ta. Lirwanu ya kunna tocilar ya gwada ta a tafin hannunsa. Rana na sama, hasken ko ganinsa ba a yi.